Tauraron da 'Yar Goggo Ta Auna

Tun ranar da na dawo daga Afirka ta Kudu ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tasha ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Ɗan sama jannati, a ba mu labari mana." Wani ya ce wai shi an faɗa mashi har wata na taɓa da hannuna. Na ba su labarin jirgi, na ba su na sanyi, na ba su na karen da ya kama ni, suka yi dariya suka watse. Amma akwai wanda na danne, kuma shi ne ainihin labarin. Maiɗakina ce ta gaji da ganina ina juya abinci a kwano ta ce, "Malam, tunda bakinka nauyi gare shi, ka rubuta mana." To ga shi na rubuta. Mai dariya ya yi dariyarsa, ni na ja wa kaina.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Batsari. Asalinmu mutanen Ruma ne, Fulanin gida masu noma da ɗan kiwo, sai da ɓarayin daji suka matsa muka tattara muka dawo cikin gari. 'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Ranar da aka yaye ta, yayata wadda duk muke ce wa Goggo ta saɓa ta a baya sai Safana, kamar yadda ake yi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In zan yi maganarta sai in ce 'yar Goggo, ita kuma ta ce mani Baffa. Ranar da ta gama digirinta na fiziks aka zo yi mani barka, abin da na ce shi ne, "To, ta dai gama ɓata takarda." Mutane suka ce, "Haba Malam, haba Malam, ai yarinyar nan sai dai a yi mata addu'a." Ni kuwa ina ta jin daɗi a ciki. Haka ubana ya yi da babban wanmu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son shi.

Yadda tafiyar ta samo asali kuwa, wata ƙungiyar masana taurari ce ta buɗe shiri don malaman makarantu na Afirka. Ka yi rajista, su ba ka tauraro ɗaya, na'urar hangen nesansu ta ɗauko maka hotunansa a turo maka ta intanet, kai kuma ka auna ka faɗi ko wane iri ne. Na yi rajista da sunan makarantarmu don dai kada a ce ba mu yi ba. Da hotunan suka zo na buɗe, na ga ɗige-ɗige farare a kan baƙi da lambobi rututu, na ce wannan ba nawa ba ne, na rufe kwamfutar. 'Yar Goggo ta zo hutun salla ta gani, ta aiko ƙanwarta ta tambaye ni ko za a ba ta aro. Wata huɗu ta yi a kan aikin. Sabis a Safana in ya zo yau ba lallai ya zo gobe ba, sai ta hau a-kori-kura zuwa Dutsin-Ma ta sauke hotuna, ta dawo kafin la'asar, don Goggo ba ta yarda yamma ta yi wa kowa a hanya.

Tauraron ba shi da suna sai lamba. Yana can ƙasan kudu, inda ba ya taɓa leƙo mana a Katsina ko da dutse ka hau, kuma ko a ƙasashen da yake fitowa da kyar ido ke kama shi. Da na ji haka na ce lallai ƙaramin abu aka ba mu, rabon 'yan ƙauye. 'Yar Goggo ce ta zauna can nesa a bakin tabarma ta juyo mani kwamfutar. Ta ce ta auna haskensa ta gilashi shuɗi, ta sake aunawa ta gilashi kore, ta ga shuɗin ya yi rauni ƙwarai, ma'ana launinsa ruwan lemu ne, ma'ana bayansa bai kai na rana zafi ba. Ta nemo nisansa a kundin da masana suka tara, ta ga haskensa sai ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya kafin ya iso mana. Abin da bai kai rana zafi ba, ga wannan uban nisa, amma har ido na iya tsinkayo shi, ai ba yadda za a yi sai in ƙato ne. Lissafinta ya nuna faɗinsa ya ninka na rana fiye da sau goma, haskensa kuma ya ninka nata sau gommai. Ta ce tsoho ne, makamashin da ke tsakiyarsa ya ƙare, shi ya sa ya kumbura ya huce, kamar garwashi bayan harshen wuta ya kwanta. Na yi ta gyaɗa kai kamar dama can na sani.

Aikin ya yi masu kyau, suka gayyaci malamin da ya yi rajista, wato ni, taron mako guda. A ƙarshen wasiƙar aka rubuta cewa za a zaɓi matasa kaɗan masu digiri daga cikin waɗanda suka sa hannu a ayyukan, a kai su horon shekara guda a can, kuma malamai ne za su gabatar da sunayensu. Na ga lokacin da idonta ya kai wannan layin. 

Ana saura kwana uku na je Safana bankwana. Goggo ta sa aka kawo fura, ta bari na sha, sannan ta ce, "Iro, yarinyar nan ba za ta iya faɗa maka ba, ni zan faɗa. In ka je can ka buɗe bakinka."

Na ce, "Goggo ai na sani."

"Sani daban, yi daban. Ni na goye ka, na san halinka."

Ta ɗaure mani kilishi da dakuwa da yaji a leda uku. 'Yar Goggo ta fito ta durƙusa ta ajiye wasu takardu a gefen tabarma. Duk abin da zan faɗa a taron ne ta rubuta mani da hannu, shafi shida, har da inda zan tsaya in nuna hoto. Ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Baffa." Na ce amin ina kallon bango.

Daga Batsari ba a sammako yanzu. Sai da rana ta fito sosai motoci suka haɗu muka kama hanyar Katsina a jere, kowa na addu'a a ransa, muna tsayawa a shinge ana leƙa mu ana cewa a sauka lafiya. Gero ya kai gwiwa a gonakin bakin titi, na can ciki kuwa sai ciyawa, ba wanda ya je ya shuka. Na kwana Kano wurin wani tsohon ɗan ajinmu, washegari sai jirgi. Ban taɓa hawa ba, kuma ba zan yi maku ƙarya ba, da ya ɗaga kai na riƙe hannun wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni. Bawan Allah ya bar mani hannun, sai da muka daidaita ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Malam, na Allah ba sa faɗuwa, sai dai yatsuna." A Addis Ababa muka canza jirgi. Nan na shiga yin alwala na tarar da famfo ba marfi ba komai. Na murɗa, na danna, na buga, shiru. Na duƙa ina leƙen ƙasansa in ga inda aka ɓoye makunnin, sai ya tsinke mani da ruwa a hula.

A Cape Town aka duba fasfo da katin allurar shawara, aka karanta wasiƙata, aka buga hatimi. Na ce shi ke nan na tsallake. Ina jan akwati sai ga wata ma'aikaciya riƙe da ɗan kare mai faffaɗan kunne, ya zo kai tsaye ya ɗora hanci a kan jakata ya zauna. Ni kuma ina da alwala, na yi tsalle gefe ina "A'uzu billahi," har mutane suka juyo. Ashe aikinsa ke nan, shinshinar nama. Aka buɗe, aka fito da kilishin Goggo, matar ta yi mani bayani cikin ladabi cewa ba a shiga ƙasarsu da nama. Na ce ai busasshe ne. Ta ce ko busasshe. Yaji da dakuwa ta juya su ta shinshina, ta yi atishawa uku, ta mayar mani.

Da ƙofar fita ta buɗe na ɗauka firji na shiga. Na baro damina a gida, ba wanda ya tuna mani cewa a can lokacin sanyi ne, ni da nake koya wa yara wannan a aji kowace shekara. Ga ni da kaftani mara nauyi da takalmi buɗaɗɗe. Direban da aka aiko ya ɗauke mu wani dattijo ne fari tas, na ɗauka Bature ne, sai na ji ya ce, "Assalamu alaikum, ɗan'uwa." Ashe Musulmi ne kaka da kakanni, suna da yawa a garin, da masallatansu da mahautansu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe bayan mota ya ciro wata tsohuwar rigar sanyi mai warin man inji ya ce in saka. Da ita na yi mako guda, da ita aka ɗauke ni duk hotunan da kuka gani.

Mun yi awoyi muna hawa cikin duwatsu har muka isa wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar tumaki, ba itace ko ɗaya, sai na'urorin hangen nesa a kan tudu. Aka haɗa ni ɗaki da wani malami daga Tanzaniya, Juma, gajere mai surutu kamar rediyo. Shi ya same ni na tayar da sallar azahar ina fuskantar gabas, ya jira na sallame ya ce, "Malam Iro, ka yi wa teku salla. Alƙibla a nan tana arewa." Na sake. Rana ma a can ta arewa take bi da tsakar rana, inuwarka ta faɗi kudu. Shi ya nuna mani bargon da ake jona wa wuta. Na ce ni ba zan kwanta a kan wayar lantarki da raina ba. Daren farko na cika baki, na biyu na ce ya jona mani.

Abinci kuwa, suna da tuwon masara irin namu sak, sai dai ba miyar kuka ba ta kuɓewa, ɗan romon tumatir kawai za a ɗiga maka a gefe. Naman rago kam ba a magana, direbanmu ya tabbatar mana da yankan. Maza ne ke tsayawa kan gashi, farfesoshi da furfura, kowa da ƙyallen girki a ƙugu yana juya nama yana alfahari. Yajin Goggo ya yi suna a wurin, har wani Bature ya ɗiba da cokali kamar sukari, aka yi ta ba shi madara.

Amma abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne maganar 'ya'ya. Mutanen nan ba ka minti biyar da mutum sai ya zaro waya ya nuna maka ɗansa. Wannan ta farko ce, sunanta kaza, ita ta zo ta ɗaya, ta fi ni ƙwaƙwalwa. Juma ma haka, da na ɗauka tunda Musulmi ne zai ɗan yi kara. Kullum sai na ga hoton 'yarsa ta fari sau uku. Na ce a raina, kai jama'a, waɗannan ko bakin mutane ba sa tsoro? Shugabar taron kuma, Farfesa Tandi, baƙar mace mai furfura, ɗalibanta sunanta suke kira gatsau, ta amsa tana dariya. Ni dai Farfesa na riƙa ce mata har na taho.

Ranar farko aka raba mana takardar gabatar da matasa, aka ce a mayar da ita yammacin ranar da mutum ya yi jawabinsa. Na karanta, na linke, na sa a aljihu. Ku da kuke 'yan gida kun san abin da ya tsaya mani. Uba ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa 'yarsa ta fari ta fi 'ya'yan mutane cancanta? A wurinmu wani ke yi maka maganar ɗanka. Aboki ne zai tayar da ita, kai ka ƙi, jama'a su matsa, ka sake ƙi, su sake matsawa, a na uku ka ce, "To, tunda kun gani." Kowa ya fita da mutuncinsa, yaro kuma ya samu. Don haka da Juma ya ga takardun jawabina ya ce wannan rubutun ba nawa ba ne, sai na ji sanyi a raina. Na ce mashi na wata yarinya ce a gidanmu. Ya yi ta tono har ya gane 'yata ce kuma ita ta yi aikin duka. Ya buga cinya ya ce shi zai faɗa wa Farfesa. Na ce, "A'a, kada ka wahalar da kanka." A raina kuwa na ce alhamdulillahi, an samu mai magana.

Ran Laraba na yi jawabi. Na bi shafi shida ɗin nan layi-layi, inda ta ce in tsaya na tsaya, inda ta ce in nuna hoto na nuna. Na faɗi launi, na faɗi nisa, na faɗi girma, aka tafa sosai. Farfesa ta tashi ta ce wannan yana cikin ayyuka mafi tsafta da ta gani a shirin. Sannan ta ce, a gaban mutum wajen sittin, "Juma ya faɗa mani 'yarka ce ta yi wannan, kuma ta karanta fiziks. Gaskiya ne? Faɗa mana sunanta."

Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba tun ina yaro. Na yi 'yar dariya na ce, da Turancina na aji, "A'a Farfesa, ba wani abu ta yi ba. Yarinya ce, ba ta san komai ba tukuna. Ta dai taya ni kwafe lambobi."

Na tsaya ina jiran "haba Malam." Na sunkuyar da kai ma, na shirya ƙi na biyu. Sai na ji Farfesa ta ce, "Oh. To, na gode da ka faɗi gaskiya. Ashe kai za mu yi wa barka." Aka sake tafawa, aka kira mai jawabi na gaba.

A wurin shan shayi Juma ya ja ni gefe, idonsa kamar zai faɗo. Ya ce, "Me ka yi haka? Ka mayar da ni maƙaryaci, ka kuma kashe yarinyar."

Na ce, "Kai ba ka gane ba ne. Za ta sake tambaya."

"Ba za ta sake ba. Ta tambaye ka, ka ba ta amsa. Je ka same ta yanzu, ko ka cike takardar nan."

Ga inda laifina yake, kuma ba zan ɗora wa al'ada shi ba. Takardar na aljihuna har yamma. Sau biyu na hango Farfesa ita kaɗai a bakin ƙofa, sau biyu na juya. Na fara da kunyar yabon 'yata, na ƙare da kunyar a ce malami guda ya tsaya gaban mutum sittin ya karɓi tafin da ba nashi ba. Na ce bari gobe, in an natsu. Da goben ta zo aka ce kwamiti ya riga ya zauna. Ran Juma'a wurin cin abincin rana aka karanta sunayen waɗanda aka zaɓa. Wani malami daga Zambiya ya ji sunan ɗansa, ya tashi yana ihu yana rungumar mutane. Ni na zauna da cokali a hannu.

A ranar bayan magariba, da yake lokacin sanyi duhu na saurin yi, aka hau da mu tudu kowa ya ga tauraronsa. Sama a can ba irin tamu ba ce, ban gane kowa ba a cikinta sai jinjirin wata, shi ma a karkace. Farfesa ta zo kaina ta haska wani siririn haske kore can kudu ta ce, "Ga naka." Na ƙura ido ban ga komai ba. Ta ce kada in kalle shi kai tsaye, in ɗan kalli gefensa. Sai ga shi, ɗan mitsitsi, yana ɓacewa yana dawowa. Ta saita mani ƙaramar na'ura na sa ido. Ruwan lemu ne, jama'a. Ruwan lemu sak, yadda yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba ta faɗa daga ɗakin Goggo a Safana.

Ina duƙe Farfesa ta ce, "Akwai abin da nake son tambayarka. A cikin hotunan da muka turo maku ka jefar da na dare ɗaya, ba ka sa shi a lissafi ba. Daidai ka yi, akwai siririn gajimare a daren. Amma mu ba mu faɗa wa kowa ba. Yaya aka yi ka gane?"

Ban ma san an jefar da wani hoto ba. Na ɗago, na ce, "Farfesa, ban sani ba. Ban auna komai ba. Ko lamba ɗaya ba tawa ba ce. 'Yata ce ta yi, daga farko har ƙarshe."

Ta kashe fitilar hannunta. Sannan ta ce, "To me ya sa ka ce ba ta san komai ba?"

Na yi ta kame-kame ina bayanin 'yar fari, da kara, da yadda ake ƙi sau biyu. Ina yi ina jin maganar na raguwa a bakina. Na ɗauka za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce su ma suna da irin wannan, kakarta har ta mutu ba ta taɓa furta sunan surukinta ba. Ta ce, "Da na san haka ne da na tambaye ka sau goma. Amma ni na ɗauka uba ya fi kowa sanin 'yarsa. Tun kafin ka iso na sa alama a kan aikin nan, wuri ɗaya na riƙe don wanda ya yi shi. Da ka faɗi abin da ka faɗa na ba wani." Na tambaya ko za a iya gyarawa. Ta ce an riga an aika sunaye, an kuma sanar da waɗanda aka zaɓa, ba za ta ƙwace wa ɗan wani ba. In an sake buɗe shirin yarinyar ta nema da kanta, amma ba ta yi mani alkawari ba, don ba ta san ko za a sake ba. Ta miƙo mani littafinta da biro ta ce in rubuta sunan. Na karɓa na rubuta.

Dawowa ba ta da labari. Na mayar wa direba rigarsa, na ba Juma sauran yajin, jirgi ya tashi ban riƙe hannun kowa ba. Na kwana biyu a Batsari ina cewa gajiya, a na uku maiɗakina ta ajiye mani takalmi a bakin ƙofa ta ce Goggo ta yi waya sau huɗu.

Na isa Safana da hantsi. Goggo na tsakar gida tana tsince gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen can, ta tambayi kilishi, na ce kare ya kama shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka buɗe bakin?"

Na faɗa mata duka, ban rage ko kalma ba. Ta ajiye faifan ta dube ni, ta ce, "Iro, a gaban baƙi? Waɗanda ba su san mu ba? Ai kara da wanda ya san kara ake yi."  Labulen ɗaki ya motsa, na san ana ji.

'Yar Goggo ta fito ta durƙusa inda ta saba, ta yi mani sannu da zuwa, ta tambayi gajiya. Na jira ta yi kuka ko ta tashi ta shige, wallahi da ya fi mani sauƙi. Sai ta ce, "Baffa, ka gan shi?"

Na ce na gan shi.

"Wane launi ne?"

"Ruwan lemu. Yadda aka rubuta."

Ta ce alhamdulillahi, ta ɗan yi murmushi tana kallon ƙasa. Na ce mata Farfesa ta karɓi suna, in an sake buɗewa za a nema. Ta ce Allah Ya sa. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta durƙusa.

"Baffa, in tambaye ka?"

Ba ta taɓa tambayata komai kai tsaye ba. Na ce ina ji.

"Abin da ka faɗa masu. Na san haka ake cewa. Amma kai a ranka, haka ne?"

Na ɗauka Farfesa ce kaɗai baƙuwar da ba ta san yadda ake fassara maganata ba. Shekara ashirin da biyu yarinyar nan tana jin "ba ta san komai ba" daga bakina, kuma duk "haba Malam" ɗin da ake yi a zaure ake yi, ita tana cikin gida. Ba wanda ya taɓa shiga ya faɗa mata.

Na ce, ina kallon gyaɗar Goggo, "Mutum wajen talatin suka yi jawabi a zauren nan. Ba aikin da ya kai naki. Ni ubanki ban iya rabinsa ba."

 Ta ja gefen hijabinta ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki ba sallama. Goggo ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan maganar ai ba ta buƙatar jirgi, Iro. Daga Batsari zuwa nan babur ma ya isa."